Ɗan Naman da Aka Gutsuro Daga Zuciyata

Ni malamar firamare ce a cikin birnin Kano, uwar 'ya'ya, shekaruna sun haura arba'in. Kafin wannan lalura ban taɓa kwanciya a asibiti ba sai kwanciyar haihuwa. Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne yawan matan da suke jana gefe a gidan biki ko gidan suna su ce, "Malama, wai da gaske an shiga cikin zuciyarki an yanko nama kina ido biyu?" Da gaske ne. Amma amsar tsaye ba ta ɗaukar labarin, ga shi kuma wadda ta yi tambayar sau da yawa tana da nata marar lafiyar a gida.

Abin ya faro ne a 2023 da haki. In na yi shara sai na zauna na huta, in na ɗaga murya a aji sai numfashi ya tsaya mini a wuya. Da dare gumi sharkaf, har sai na sauya riga. Ga rama, ga zazzaɓi mai zuwa da yamma. Aka sha maganin maleriya, aka sha na taifot, kamar yadda kowa yake farawa. Da abin ya ƙi, aka yi hoton ƙirji, aka ga inuwar zuciyar ta yi faɗi. Aka tura ni wurin likitan zuciya ya yi eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, ya ce ruwa ne ya taru a jakar da ta lulluɓe zuciyar, yana matse ta. A ranar aka soka allura ta ƙasan ƙashin ƙirjina aka zuƙe ruwan, mai jini-jini. Tun kafin a gama na ji iska tana shiga har ƙasa.

Aka kai ruwan gwajin tarin fuka, na'urar GeneXpert ba ta ga komai ba. Likitan ya ce wannan gwaji yana yawan kuskure ƙwayar tibi a irin wannan ruwan, kuma a ƙasashenmu tarin fuka shi ne kan gaba wajen tara ruwa a jakar zuciya. Gumi da rama da zazzaɓin yamma duk sun dace da shi. Ya ɗora ni a kan maganin tibi na wata shida, ya haɗa mini da firedinisolon, ƙwayar da ke kwantar da kumburi. Wasu 'yan uwa daga baya sun so su ɗora wa mutumin nan laifi, ni ban yarda ba. Da abin da ke gabansa a ranar, hanyar da ya bi ita ce hanya, kuma shi ne ya fara cewa a sake dubawa lokacin da abu ya sauya.

Na samu sauƙi har na ba kowa mamaki. Cin abinci ya dawo, kumatu suka ciko, na koma makaranta, aka yi sadakar ƙosai. Da aka fara rage firedinisolon sai ciwon ya dawo da wata fuska dabam. In na tashi da asuba fuskata a kumbure, idanuna sun shige. Jijiyoyin wuyana suka fito ruɗu-ruɗu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sujada: da na kai goshi ƙasa sai in ji kaina ya cika tam kamar zai fashe, idona ya yi duhu. Na koma sallah a zaune a kan kujera, ina mace mai ƙafafu lafiyayyu.

A eko na biyu likitan ya daɗe bai yi magana ba. Can ya juyo da allon wajen maigidana, ya nuna wani abu fari-fari a ɗakin zuciya na sama na ɓangaren dama, daidai bakin babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai da hannuwa. Shi ya tare hanya, shi ya sa jini yake taruwa mini a ka in na sunkuya. Ya ce, "Hajiya, ƙari ne. Amma ko wane iri ne, hoto ba zai gaya mini ba. Sai an samu namansa." Hanyar da ake da ita a kusa ita ce a tsaga ƙashin ƙirji, a ɗora ni a na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu, a buɗe a gani. Ya ce akwai wata hanyar ta jijiya, ba tsaga, amma sai inda suke da kayan aikin da kuma hannun da ya saba.

Aka yi zaman gida. Wanda ya san gidajenmu ya san irin wannan zama: kowa da maganinsa, kowa da labarin wani da aka yi wa aiki bai tashi ba. Gwaggona, wadda ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, ta kafe. Ta ce, "'Yar nan, in daji ne, daji ba ya son ƙarfe. Ana taɓa shi zai fantsama. Ki bari a yi na gida." Ban ga laifinta ba, don ta binne mutane da dama da aka yi wa aiki suka rasu. Abin da ba a lissafawa shi ne yawancinsu sai da ciwon ya ci ƙarfinsu aka kai su, wuƙar likita ta zo a ƙarshe ta ɗauki laifin. Maigidana bai yi musu da ita ba. Ya ce, "Gwaggo, a ci gaba da addu'a da rubutu, mu kuma za mu je a gano sunan abin." Aka sayar da filin da muke tanadi a bayan gari, na sayar da sarƙata da 'yan kunnena na gwal, 'yan uwa da malaman makarantarmu suka yi karo-karo. Shekarar ce naira ta faɗi warwas, kuɗin da muka lissafa da safe ba ya kai yamma.

Muka tafi Alkahira, ni da maigidana da ƙanwata. Wanda ya tarbe mu ɗalibi ne a Azhar, yaron da na koyar a aji huɗu. Ya sama mana ɗaki a Hayyul Ashir, unguwar da 'yan Afirka suka yi yawa a Madinatu Nasr, kuma shi ya zama bakinmu da kunnenmu a asibiti. Yaron da nake gyara wa riƙon fensir shi ne yake tsaye tsakanina da likita yana cewa, "Malama, ya ce ki kwantar da hankalinki, zai yi bayani dalla-dalla."

Aka fara da hotuna, har da wanda ake kira PET, inda ake ɗura wa mutum wani irin sukari mai alama ta jijiya, duk inda nama yake cin abinci fiye da kima sai ya haska. Ƙarin ya haska sosai. Likitocin sun so a ce akwai wata kaluluwa a wuya ko hammata da ita ma ta haska, don a ciro ta cikin sauƙi a bar zuciya ta huta. Babu. Abin yana wuri ɗaya, kuma wurin shi ne zuciya.

Likitan da zai yi aikin ya zaunar da mu ya zana zuciya a takarda. Ni malama ce, na san mai bayani in na gan shi, kuma wannan ya iya. Ya ce abin da ake gani a cikin zuciya yana iya zama gudan jini kawai, wanda maganin tsinka jini yake narkarwa. Yana iya zama miksoma, ƙarin da ya fi yawa cikin waɗanda suke tsirowa daga zuciyar manya, ba daji ba ne, ana yanke shi a huta. Amma shi ya fi zama a ɗakin hagu, kuma nawa bai yi kama da shi ba, don ya ci cikin bangon zuciyar. Saura uku suka rage masa a rai. Ko dai tibi ce ta dunƙule, ko sarkoma, mugun daji da yake son wannan ɗakin na dama, ko kuma limfoma, dajin ƙwayoyin garkuwar jiki. A nan ya ajiye biro ya ce a fassara mini da kyau: in limfoma ce, tsaga ƙirji ba zai warkar da ita ba, magani ta jijiya ne yake narkar da ita. Za a yi mini babban aiki ne a banza, sannan a jira ciwon aikin ya warke kafin a fara maganin gaske, ita kuwa ba ta jira.

Sai ya tambayi magungunan da nake sha. Da ya ji firedinisolon sai ya gyaɗa kai. Ashe wannan ƙwaya tana cikin magungunan limfoma, tana sa ta lafa na ɗan lokaci. Sauƙin da muka yi wa sadakar ƙosai ke nan. Kuma tana iya ɓata sakamakon gwajin nama, ta kashe ƙwayoyin da ake son gani. Dole aka janye mini ita a hankali kafin a yi aikin. Kwanakin jiran nan su ne mafi wuya a tafiyar gaba ɗaya. Fuska ta ƙara kumbura, barci sai a jingine da matasai, ƙanwata tana zaune tana ƙirga numfashina tana zaton ban sani ba.

Takardar sa hannu ba ta ɓoye komai ba. Ƙarfen yana iya huda bangon zuciya jini ya taru a jakarta, sai an zuƙe da gaggawa ko a shiga tiyata. Bugun zuciya yana iya rikicewa. Wani ɓangare na ƙarin yana iya ɓallewa ya bi jini. Daga ɓangaren dama huhu zai nufa, shi ya sa ake iya yin kasadar, amma da a hagu yake zai iya tafiya ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, don haka ba kasafai ake taɓa na hagu ta wannan hanya ba. Akwai kuma yiwuwar a sha wahalar a fito da naman da ba zai nuna komai ba. Na tambaye shi ko sabon abu ne za a gwada a kaina. Ya yi dariya ya ce ɗan ƙarfen da ake gutsuro naman da shi likitoci biyu ne a Japan, Konno da Sakakibara, suka fito da shi tun 1962, kuma waɗanda aka yi wa dashen zuciya ana yi musu irin wannan gutsure a kai a kai don a ga ko jiki yana ƙin sabuwar zuciyar. Da dare ɗalibina ya ƙara mini da labarin wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, wanda a 1929 ya zura bututu ta jijiyar hannunsa da kansa har cikin zuciyarsa, ya je ya ɗauki hoto don ya nuna ana iyawa, daga baya aka ba shi kyautar Nobel a 1956. Maigidana ya ce Allah Ya raba mu da irin wannan ƙarfin hali. Ni kuwa labarin ya ɗan sanyaya mini rai.

Ranar aikin ban ci ban sha ba tun dare. Ɗakin akwai sanyi ƙwarai, ma'aikatan sanye da riguna masu nauyi na dalma saboda hasken eksire. Ba a sa ni barci ba. Likitan ya riga ya gaya mini cewa da irin toshewar da nake da ita, barcin tiyata yana da nasa haɗarin. Ta wuya ake yawan bi, amma tawa hanyar ta sama a matse take, don haka ta cinya aka shiga, daidai inda ta haɗu da mara. A nan kunya ta kama ni fiye da tsoro. Wata nas dattijuwa ta lura, ta gyara mini lulluɓi ta bar wurin aikin kaɗai, ta dafa kafaɗata ta ce, "Ya Hajja," da wasu kalmomi da ban gane ba amma na fahimta.

Allurar kashe zafi ita ce kawai ta yi zafi. Bayan ita sai dannawa. Ta cinya ɗaya aka zura kateta, wato doguwar siririyar roba da ake bi da ita ta cikin jijiya, mai ɗauke da idon eko a bakinta, ta hau har cikin zuciya tana haska ƙarin daga ciki. Ta ɗaya cinyar aka zura wani siririn bututu da ake iya lanƙwasa kansa daga waje, aka saita bakinsa a jikin ƙarin, sannan aka bi ta cikinsa da wayar mai ɗan baki da ke buɗewa ya rufe. Cikin jijiya ba ya jin taɓi, don haka ban ji tafiyarsu ba ko kaɗan. Abin da na ji shi ne lokacin da ƙarfen ya taɓa bangon zuciya: sai ta yi tsalle, ta buga biyu a haɗe, ta ɗan tsaya, ta ci gaba. Sannan wani ɗan fizga can ciki, ba zafi, amma jiki ya san an taɓa inda ba a saba taɓawa ba. Ina ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Na juya ido na ga allon, ga abin nan baƙi siriri yana motsi tare da bugun zuciyata. Na mayar da idona rufi, ban sake kallo ba.

Sun gutsura sau da dama, don wani gutsuren yakan zama mataccen nama ko gudan jini da ya lulluɓe ƙarin. Da aka gama na roƙa a nuna mini. Nas ɗin ta ɗago 'yar kwalba da ruwa a ciki, ga wasu 'yan abubuwa suna yawo, kowanne bai fi ƙwayar gero ba. Fili da gwal da tafiyar jirgi, duk a kan wannan.

Aka sake yin eko a take don a tabbatar jini bai taru a jakar zuciya ba. Aka danne cinyoyin aka naɗe, aka ce in kwanta miƙe na wasu sa'o'i kada in lanƙwasa ƙafa, sai dai aka ɗan ɗaga mini kan gadon saboda numfashi. A haka na yi azahar da la'asar da ishara. Washegari na taka da ƙafata na fita. Tabon da ya rage yau ko ni sai na nema nake ganinsa.

Sakamako bai fito da wuri ba, don bayan duba naman a madubin likita sai an yi masa wasu rine-rine da ke bambanta ƙwayoyin daji da junansu. Da aka kira mu, likitar cutar jini ce ta karɓe mu. Ta ce limfoma ce, nau'in manyan ƙwayoyin B, kuma ƙwayoyin suna ɗauke da wata alama da ake kira CD20. Ɗalibina ya kasa fassarawa, idonsa ya kawo ruwa, sai da na ce, "Faɗi mana, ɗana, ai ni na aike ka." Ya ce, "Malama, kansa ce." Maigidana ya yi salati. Ni kuma, Allah Ya sani, abin da na fara ji shi ne wani irin sauƙi. Watanni ina shan maganin ciwon da ba ni da shi, ina kwana da abin da ba wanda ya san ko mene ne. Likitar ta ce cikin mugayen abubuwan da ake tsoro, wannan shi ne mai jin magani, kuma alamar nan ta CD20 ita ce maganin rituksimab yake kamawa. A ranar aka tsayar da maganin tibi.

Kafin a fara sai da aka ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙuguna, wanda in gaskiya za a bi ya fi na zuciyar zafi nesa ba kusa ba. Aka gwada ƙanjamau, aka gwada ciwon hanta nau'in B. Na biyun ya nuna na taɓa ɗaukarsa ban sani ba, abin da ba baƙo ba ne a wajenmu. Rituksimab yana iya tayar da shi daga barci ya lalata hanta, don haka aka ɗora ni a kan ƙwayar kariya tun kafin ɗigon farko, na ci gaba da sha har bayan an gama. Duk wanda za a sa wa wannan magani ya tambaya ko an yi masa gwajin hanta. Ba rashin kunya ba ne.

Haɗin maganin sunansa R-CHOP, guda biyar ne, ana yi duk kwana 21 har zagaye shida, kuma rituksimab da firedinisolon ɗin nan duk suna ciki. Zagayen farko a kwance aka yi mini, da wayoyi a ƙirji, kuma ba a ba ni cikakken ƙarfinsa ba, don ƙarin da ya ci bangon zuciya in ya narke da sauri yana iya rikita bugu ko ya bar wurin da rauni. Kafin zagaye na biyu fuskata ta saɓe. Wata asuba na gwada kai goshina ƙasa, na ji shiru, kaina bai cika ba. Na daɗe a wurin.

Sauran zagayen a gida Najeriya aka yi, a wani asibitin koyarwa, da takardar da likitar ta rubuto. Mun taho da ragowar naman da aka daskarar a cikin kakin gwaji da gilasansa, don in wani likita ya so sake dubawa ba sai an koma zuciyata ba. Kemo, wato wannan maganin dajin da ake ɗurawa ta jijiya, ba wasa ba ne. Cikin magungunan akwai wani jan ruwa da ke sa fitsari ya yi ja, gashi ya zube tas, baki ya yi gyambo, yatsu su riƙa jin dindiris. Ɗankwali ya rufa mini asiri, da yawa ba su san ba ni da gashi ba. Shi jan maganin kuma yana iya raunana tsokar zuciya, ga shi zuciyar ce ake wa magani, don haka ana yi ana duba ƙarfin bugunta da eko. Rituksimab ya fi komai tsada, kowane zagaye sai an yi fafutuka kafin a haɗa kuɗinsa. A ɗakin ƙarin ruwan na ga waɗanda suka fara suka tsaya a tsakiya saboda kuɗi, kujerarsu ta zama ta wani.

Hoton da aka yi bayan zagaye na ƙarshe bai nuna hasken komai a zuciyar ba, sai ɗan tabo a bango. Likitoci ba su ce na warke ba. Sun ce ciwon ya kwanta, za a ci gaba da bibiya na shekaru, kuma shekaru biyun farko su ne aka fi sa ido. Gwaggo ta ce rubutunta ne ya yi aiki, na ce mata haka ne Gwaggo, har da shi. Na koma aji, an rage mini darussa. Bashin da muka ci wajen ɗan uwan maigidana har yanzu muna biya duk wata daga albashina, kuma adashen da na shiga bana na kuɗin eko da gwajin jini na gaba ne.